Hazon da ya cinye motoci uku: zare kan malalar ruwan oksijin 🧵

1/ Ranar 25 ga Maris, 1970, wajen ƙarfe 6 na safe, motoci uku na jami'an tsaro suka kama da wuta ɗaya bayan ɗaya a filin harba roka na Amurka. Ba su yi karo ba, ba wanda ya ƙyasta ashana. Cikin hazo kawai suka shiga. Da 'yan kwana-kwana suka iso kuma, sai suka ja gefe suka tsaya suna kallo.

2/ Tsayuwar nan tasu ce ta sa na zauna rubuta zaren nan. A ganina daidai suka yi, kuma in kuka biyo ni za ku ga dalili. Labarin ruwan oksijin ne: yadda aka same shi, yadda ya sha ba masana kunya, da abin da ya kamata mutum ya yi in ya malale a gabansa. Yana da ɗan tsawo, ku gyara zama 👇

3/ Mu fara daga tushe. Iskar da muke shaƙa, kusan kashi 21 cikin 100 ne oksijin, yawancin sauran naitirojin ne. In aka sanyaya oksijin har digiri 183 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, sai ya koma ruwa mai ɗan launin shuɗi. Firizar gidanku a wajen digiri 18 ƙasa da sifili take tsayawa. Toh ku kwatanta.

4/ Me ya sa ake wahalar mayar da shi ruwa? Don a rage cin wuri. Lita ɗaya ta ruwan oksijin in ta koma iska tana zama kusan lita 860. Tanka ɗaya sai ta ɗauki abin da sai an jera ɗaruruwan silinda. Shi ya sa manyan asibitoci, masana'antun ƙarfe da masu harba roka ke ajiye shi a ruwa. Ku riƙe lambar nan, 860, za ta sake fitowa.

5/ Abin da mutane da yawa ba su sani ba: oksijin shi kansa ba ya cin wuta. Wuta kamar murhu take, duwatsu uku take hawa: makamashi, zafi, da oksijin. In ka cire ɗaya tukunya ta faɗi. Aikin oksijin shi ne zuga. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda gawayi ke yin ja in an danna zugazugi, ya riga ya ga aikinsa.

6/ To yi tunanin iskar wuri ta tashi daga kashi 21 ta doshi 40 ko 50. A ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata, da ta wuce kashi 23.5 an shiga haɗari. Riga, gashi, giris, baƙin mai, duk sai su riƙa kamawa da ɗan zafin da a da ba ya yi musu komai, su ci da saurin da ba a iya kashewa. A tsantsar oksijin har ƙarfe yana ci.

7/ Yanzu tarihi. A watan Disamba na 1877, Louis Cailletet a Faransa da Raoul Pictet a Siwizalan, kowa a ɗakin bincikensa, suka samu ɗan feshin ruwan oksijin da ya ɓace nan take. Sai a 1883 wasu malaman jami'a biyu a birnin Krakow, Wróblewski da Olszewski, suka tara shi har ya kwanta a kwalba ana kallonsa.

8/ Matsala ta gaba: ina za a ajiye abin da ke tafasa a zafin ɗaki? A 1892 James Dewar na Birtaniya ya ƙera kwalba mai bango biyu, ya zuƙe iskar da ke tsakani don kada zafi ya ratsa. Fulas ɗin shayin da ke gidanku jikan wannan kwalbar ne. A 1895 kuma Carl von Linde na Jamus ya fito da injin da ke mayar da iska ruwa da yawa, abin ya zama kasuwanci.

9/ Ga wani abu da ya kamata ya tsaya muku a rai. Ba a jima ba aka gane cewa in aka jiƙa garin gawayi ko kunkunniya da ruwan oksijin, nakiya ake samu. An yi shekaru ana fasa duwatsu da ita a wuraren haƙar ma'adinai. Gawayi fa. Wato tun farko an san cewa duk abin da ke cin wuta, in ya sha ruwan nan, ya tashi daga makamashi ya koma abin fashewa.

10/ Ranar 16 ga Maris, 1926, Robert Goddard ya harba roka ta farko mai amfani da mai na ruwa, a wata gona a jihar Masachuset. Fetur da ruwan oksijin ya haɗa. Daƙiƙa biyu da rabi ta yi a sama, ta tashi sama mita 12 da ɗoriya. Shekara 40 bayan nan, Amurka na gina rokar da za ta kai mutum duniyar wata.

11/ Sunanta Saturn V, tsawonta mita 110. A sararin samaniya babu iskar da wuta za ta ci, dole roka ta tafi da oksijin ɗinta. Ɓangarenta na farko kaɗai yana ɗaukar fiye da lita miliyan ɗaya na ruwan oksijin, ya haɗa da tataccen kananzir, ya ƙone su cikin minti biyu da rabi. Dole a samu inda za a tara wannan ruwa kusa da wurin harbi.

12/ Don haka a Cibiyar Kennedy da ke jihar Fulorida, a dandalin harbi mai lamba 39A, hukumar NASA ta gina wani ƙaton tanki mai siffar ƙwallo. Bango biyu gare shi da abin tare zafi a tsakani, yana cin wajen lita miliyan 3.4. Daga nan ake tura ruwan ta bututu zuwa jikin roka. A gindin wannan tankin aka fara koyon darasi.

13/ Ranar 19 ga Agusta, 1966, ana gwajin loda mai a wata rokar gwaji. Ma'aikata suka fara buɗe bawul don ruwan ya gangara wajen famfo. Sai wani babban tiyo na ƙarfe da ke ƙasan tankin ya fashe. Nan da nan farin tururi ya rufe wurin, ba ka ganin tafin hannunka.

14/ Abin takaicin, bawul ɗin da za a murɗa da hannu a tsayar da malalar yana cikin tururin nan. Wa zai shiga? Ƙasa ta ɗauki sanyin da ke daskarar da naman mutum, iska ta cika da oksijin. Kafin a iya isa a rufe shi, fiye da lita miliyan biyu da rabi sun tsiyaye. Kusan tankin gaba ɗaya ke nan.

15/ Tankin ma bai tsira ba. Kun san yadda robar ruwa ke lotsewa in ka zuƙe ta da ƙarfi? Haka ta faru. Ruwa ya fita da gudu, babu abin da ya maye gurbinsa a ciki, sai bangon ciki na ƙarfe ya lotsa. Da ruwan famfo aka cika shi aka matsa masa ƙarfi, ya dawo siffarsa.

16/ Darasin 1966 a bayyane yake: in abin nan ya ɓalle, ba a tare shi da ƙarfin hali. Tun kafin ranar ya kamata a shirya yadda za a rufe shi daga nesa. Amma a ranar wuta ba ta tashi ba, kuma ɗan Adam ya fi tsoron abin da ya ƙona shi. Ɓangaren wuta, a kan rayuka aka koye shi.

17/ Na farko a Tarayyar Sobiyet. Ranar 23 ga Maris, 1961, Valentin Bondarenko, ɗalibin zuwa sararin samaniya, yana cikin wani rufaffen ɗakin gwaji a Mosko wanda aka ƙara wa oksijin sosai. Ya goge jikinsa da auduga mai sifirit ya jefar, ta faɗa kan murhun lantarki. Ɗakin ya kama. Ya rasu bayan 'yan sa'o'i. Shekararsa 24, sa'anmu ne.

18/ Ƙasa da mako uku bayan nan Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya je sararin samaniya. Duniya ta yi ta shagali, labarin Bondarenko kuwa aka binne shi. Sai a 1986 jaridun ƙasar suka faɗa. Shekara 25 ana ɓoye haɗarin da ya kamata kowane mai aiki da oksijin ya ji.

19/ Na biyu a Amurka, 27 ga Janairu, 1967. Gus Grissom, Ed White da Roger Chaffee suna gwaji cikin kumbon Apollo 1 a ƙasa, an cika shi da tsantsar oksijin. Wuta ta tashi, ta mamaye ciki cikin daƙiƙoƙi. Ƙofar ciki take buɗewa, matsin iska ya danne ta. Duk ukun suka rasu. Bayan nan aka sauya ƙofar, aka kuma daina cika kumbo da tsantsar oksijin a ƙasa.

20/ Waɗannan biyun oksijin na iska ne a rufaffen wuri. Sai mutane suka ɗauka a fili babu damuwa, ai iska za ta kwashe. Da wannan tunanin aka iso safiyar 25 ga Maris, 1970. Ana babban gwajin ƙarshe na rokar Apollo 13, a dandalin 39A ɗin dai.

21/ Kafin a tura ruwan oksijin zuwa roka, sai an fara sanyaya famfo da bututu da shi, in ba haka ba da ya taɓa ƙarfe mai ɗumi zai tafasa. Wanda aka yi sanyayawar da shi, kusan lita dubu 40, a al'ada lambatun da ke bayan shingen dandalin ake zubar da shi. Iskar teku ta busa, ta watsa tururin. An yi haka sau da yawa lafiya lau.

22/ A wannan safiyar iska ta ɗauke cak. Ƙari a kan haka, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta kamar murfi. Kun san yadda hayaƙin girki ke kwanciya a unguwa da asubar hunturu ya ƙi tashi sama? Irin wannan yanayin ne. Yanzu ku ɗauko lambarmu: lita dubu 40 sau 860. Fiye da lita miliyan 30 na oksijin, ba inda za shi.

23/ Oksijin da ya fito daga ruwa yana da sanyi sosai, don haka ya fi iskar gari nauyi. Ƙasa yake bi, kamar ruwa. Ya cika lambatun, ya tumbatsa, ya hau kan titin da ke gefe. A ido kuwa hazon asuba ne kawai, abin da mutanen bakin teku suka saba gani.

24/ Jami'an tsaro uku, kowa da motarsa, sun gama zagayen tabbatar da cewa kowa ya fita daga wurin. Hanyarsu ta bi ta cikin hazon. Ɗayansu ya murza makulli, sai ya ji ƙara, wuta ta fito daga ƙarƙashin murfin inji. Kafin ka ce kwabo sauran biyun ma sun kama. Mutanen suka fice da gudu, suka tsira.

25/ Ku lura, motocin lafiyarsu ƙalau. Inji mai zafi, ɗan baƙin mai da giris a jikinsa, kamar kowace mota a duniya. Duwatsun murhu biyu kullum suna nan a gaban motarka. Na ukun ne kaɗai ya ƙaru a ranar. Haka kwamitin bincike ya gano daga baya: zafin inji, maiƙo, da iskar da oksijin ya yi wa yawa.

26/ 'Yan kwana-kwana suka iso cikin kamar minti biyar. Ga motoci uku na ci, ga ruwa a motarsu, ga horo sun samu. Suka ƙi matsawa har sai da hazon ya watse. Sai wajen ƙarfe 7 aka shawo kan wutar. Abin da ya rage ƙarafuna ne.

27/ Na san da a yau ne, da an ɗauke su a waya an ce matsorata ne. Amma ku yi lissafi da ni. Motar kashe gobara ita ma inji gare ta, mai zafi, mai giris. Da ta shiga, ita ce ta huɗu. Kayan jikinsu za su sha oksijin, tartsatsi ɗaya ya isa. Kuma babu rai a cikin motocin da za a ceta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

28/ Kwamitin binciken bai ɗora laifi a kan direbobin ba. Al'adar zubar da ruwa mai yawa haka a fili ya soka, ya ce tururin kansa haɗari ne. Ya nemi a sake duba magudanar, hanyoyin shiga da fita, da horon ma'aikata. Aka ƙara tsawon bututun zubarwa zuwa wata fadama nesa da titi. Sabo turken wawa: abin da aka yi sau da yawa lafiya, iska ce ke rufa masa asiri.

29/ Ɗan ƙarin bayani ga masu son labarin Apollo 13. A cikin wannan gwajin dai, 'yan kwanaki bayan gobarar motocin, wani ƙaramin tankin oksijin na jikin kumbon ya ƙi juyewa. Sai aka kunna na'urar ɗumama shi ta yi wajen awa takwas don ya ƙafe. Ba a sani ba, zafin ya lalata rigar wayoyin da ke ciki.

30/ Aka harba kumbon 11 ga Afrilu, kwana 17 bayan gobarar. Ranar 13 ga wata, a kan hanyar zuwa duniyar wata, wayoyin suka yi tartsatsi a cikin oksijin, tankin ya fashe. Jim Lovell, Jack Swigert da Fred Haise suka dawo da ƙyar ranar 17. Gwaji ɗaya, gargaɗi biyu. Ɗaya kowa ya gan shi, ɗaya yana ɓoye.

31/ To yau me ake koya wa masu kai ɗauki? Akwai wani ɗan littafi mai bangon ruwan lemo da hukumomin sufuri na Amurka, Kanada da Meziko ke fitarwa tare duk shekara huɗu, ana ajiye shi a motocin kwana-kwana. Jagora mai lamba 122 a cikinsa na iskoki masu zuga wuta ne, har da waɗanda aka sanyaya suka zama ruwa. In ka karanta shi, kamar labarin 1970 ake ba ka a taƙaice.

32/ Na ɗaya, nisa. A killace wurin aƙalla mita 100 ta kowane ɓangare, wato tsawon filin ƙwallo. In malalar babba ce, a kwashe mutanen da ke inda iska ta nufa har mita 500. In tanka ce wuta ta kama, mita 800. A tsaya ta inda iska ke fitowa, kuma a tudu. Kwari, rami, lambatu da ɗakin ƙasa, nan yake taruwa.

33/ Kada farin hazon ya yaudare ka. Shi ba oksijin ba ne, danshin iskar gari ne da sanyi ya kama, kamar tururin bakinka da hunturu. Oksijin ba shi da launi, ba shi da wari. Yana iya wuce inda hazon ya tsaya. Kana iya tsayuwa a wuri garau, numfashinka lafiya lau, rigarka na shan abin da zai ƙona ka.

34/ Na biyu, a raba shi da abin da zai ci. Ba sigari, ba walda, ba tayar da mota, babur ko janareto. A nesanta katako, takarda, mai da giris in za a iya ba tare da an shiga wurin ba. Wanda ya ratsa ta cikin hazon kuma, ko ya fita bai tsira ba tukuna: ya tsaya a fili kayansa su sha iska wajen rabin awa kafin ya kusanci wuta ko mai shan taba.

35/ Na uku, kada a taka. Kun tuna nakiyar gawayi? Kwalta daga ɗanyen mai ake samun ta. In ta sha ruwan oksijin tana iya fashewa in abu mai nauyi ya buge ta. NASA ta gwada a 1973, ta jiƙa kwalta ta saki ƙarfe a kai, ta tarwatse. Shi ya sa inda tanka ke juye oksijin a asibiti ko masana'anta kankare ake zubawa, kuma ba a barin ɗigon mai a kai.

36/ Na huɗu, ruwa. Hannun kowa wajen bokiti yake zuwa, amma a nan ba a watsa ruwa kai tsaye a kan malalar ko inda take fitowa. A wurin abu mai digiri 183 ƙasa da sifili, ruwan randa tafasasshe ne, ƙara masa tafasa zai yi. In kuma ya daskare a kan bawul ɗin da ke rage matsin tanki ya toshe shi, tankin na iya fashewa. Feshi daga nesa ake yi don a karkatar da hazon.

37/ Na biyar, wanda ya taɓa shi. Sanyin nan ƙuna yake yi kamar wuta. Ba a murza wurin, ba a gasa shi, ba a shafa masa mai. Da ruwa mai ɗan ɗumi ake narkar da shi a hankali. In tufa ta manne da fata, ba a fizge ta, sai ta narke. Daga nan asibiti.

38/ Na shida shi ne mafi wuya ga mai zuciya: in ƙwararre zai iya rufe bawul ba tare da ya jefa kansa a haɗari ba, ya rufe. In ba haka ba, a bar shi ya ƙafe. Ba a kwashe shi, ba a share shi. Daga iska aka tatso shi, iska zai koma, ba ya barin guba a ƙasa. Aikin mai kai ɗauki shi ne ya hana kowa da komai zuwa wurin har ya tafi.

39/ Akwai dai inda jira ke da tsada, kuma adalci ne in faɗa. Ranar 21 ga Afrilu, 2021, lokacin da korona ta yi tsanani a Indiya, tankin ruwan oksijin na asibitin Zakir Hussain a birnin Nashik ya yi yoyo ana cikin cika shi. Farin hazo ya rufe harabar. Wuta ba ta tashi ba. Amma oksijin da ke zuwa ɗakunan majinyata ya yanke na kusan rabin awa, aƙalla mutum 22 suka rasu.

40/ Kwana uku bayan nan, a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, silindar oksijin ta fashe a sashen masu korona, gobarar ta kashe mutum 82. Mako ɗaya, fuska biyu: a Nashik rashinsa ya kashe, a Bagadaza zugarsa. Duka biyun amsarsu a shiri take tun kafin ranar: silindar ko-ta-kwana, bawul da hannu zai kai gare shi, da ma'aikatan da suka san abin yi.

41/ Me ya haɗa mu da wannan? Ba ma harba Saturn V, amma tun bayan korona oksijin ya ƙaru a asibitocinmu, ga kuma silindar masu walda a kowace unguwa. In ɗan'uwanka mai walda ne, tura masa wannan: ba a shafa giris ko mai a bawul ko agogon silindar oksijin, ba a taɓa su da hannu mai maiƙo, ba a kaɗe ƙurar riga da shi.

42/ Sannan akwai halinmu na taruwa in tanka ta faɗi. Ba mu manta Majiya ba, a jihar Jigawa, watan Oktoba na 2024, inda tankar fetur ta ci rayuka sama da 150. Fetur ko banza yana wari, yana gargaɗi. Tankar oksijin ba ta da wari, kuma sanyin hazonta ma jan mutane zai yi su matso su ɗauki bidiyo.

43/ Ga yadda za ka gane ta: doguwar tanka, yawanci fara, da lamba 1073 a jikinta. Za ka ga alama koriya mai hoton silinda, da rawaya mai harshen wuta a kan zobe da lamba 5.1. Ɗan tururi da ƙanƙara a bututun tankin asibiti ba abin tashin hankali ba ne, haka yake aiki. Abin gudu shi ne ruwa na zuba, hazo na bin ƙasa yana yaɗuwa.

44/ In ka ga haka: kada ka shiga da mota ko babur, kada ka tayar da inji a ciki. In hazon ya riske ka, bar abin hawan ka fita da ƙafa, ta inda iska ke busowa. Ka yi nisa, ka hana wasu matsawa, ka kira 112 ko 'yan kwana-kwana, ka faɗa musu lambar da ka gani a jikin tankar. Wannan lambar za ta gaya musu abin da za su tarar.

45/ In sun iso suka ja igiya suka tsaya, kada a zage su, kada a tura su ciki. Aiki suke yi. A 1970 an yi asarar motoci uku, kowa ya koma gida, saboda wasu sun san abin da ke cikin hazon kuma sun iya jira.

46/ Nan zan tsaya. In akwai ɗan kwana-kwana, ma'aikacin asibiti ko direban tanka a cikinku, ina son jin yadda ake horar da ku a kan wannan, ku rubuto a ƙasa. Sauran kuma a tura wa wanda kuka san shi ne zai fara rugawa wurin kallo.